Kaduna: Shaƙatawa da cin abinci a birnin da kogi ya raba

A ƙasashen da Allah ya hore wa teku akwai garuruwan da suka yi suna saboda rairayin bakin ruwa, kamar Mombasa a Kenya da Sharm el-Sheikh a Masar, inda baƙi ke tururuwa domin hutu, su yi wanka, su ci kifi, su koma gida.

Arewacin Najeriya dai ba shi da teku. Daga Kaduna zuwa gaɓar tekun Legas tafiyar yini guda cur ce a mota. Abin da Kaduna take da shi shi ne kogi, kuma daga gare shi ne ta samu suna, da ruwan sha, da kifi, da ɗan rairayin da ke bayyana idan rani ya yi.

Sai dai kuma tun daga shekarar 2000 wannan kogi ya ɗauki wata ma'ana ta dabam a zukatan mazauna birnin, domin ya zama tamkar iyaka tsakanin Musulmi da Kirista. Wannan ne ya sa batun inda za a je shan iska ko cin abinci a Kaduna ya wuce batun nishaɗi kawai. Wuraren shaƙatawa da kasuwanni da tukubar mai tsire suna cikin wuraren da har yanzu mutanen ɓangarorin biyu ke zama kusa da juna.

Kogin kadduna

Kogin Kaduna ya taso ne daga tsaunukan Filato, kusa da garin Vom, ya yi tafiyar kimanin kilomita 550 kafin ya faɗa cikin kogin Neja a Muregi, daura da Pategi. A kan hanyarsa ne aka gina madatsar Shiroro, wadda ta fara ba da wutar lantarki a 1990, da kuma ta Zungeru da ta biyo baya.

Akasarin masana na cewa sunan ya samo asali ne daga kalmar kada, wadda jam'inta shi ne kadduna, saboda yawan kadojin da ke cikin ruwan a da. Wasu kuma na danganta shi da kalmar Gbagyi mai nufin kogi, kasancewar Gbagyi na cikin mutanen da Turawa suka tarar a wurin.

Ruwan nan da kuma layin dogo su ne suka ja hankalin Gwamna Frederick Lugard. Layin dogon Baro zuwa Kano ya ratsa wurin a 1911, aka soma kai sojoji, sannan a 1917 aka kammala mayar da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna. Daga nan ne ta samu kirarin garin gwamna.

An gina gidan gwamna da ofisoshi da barikoki da unguwar Turawa a arewacin kogin. Masana'antu kuwa daga baya aka kafa su a kudu: masaƙar Kakuri ta farko a 1957, kamfanin haɗa motocin Peugeot a 1975, da matatar mai a 1980. Shi ya sa mafi yawan wuraren tarihi da baƙo zai so gani suke arewa.

Ƙofar Gamji

Idan akwai wuri guda da za a kira bakin ruwan Kaduna, to shi ne lambun da jama'a suka fi sani da Ƙofar Gamji, wanda ke gaɓar kogin a tsakiyar birnin.

Asalinsa lambun gwamnati ne na zamanin Turawa. A hukumance yana ɗauke da sunan Janar Hassan Usman Katsina, gwamnan soja na Jihar Arewa daga 1966 zuwa 1967, wanda ya rasu a 1995. Gamji kuwa itace ne mai faɗin ganye da yalwar inuwa, kuma shi ne kirarin da aka fi yi wa Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello.

A cikin lambun ne ake samun gadar ƙafa ta Lugard, wata 'yar ƙaramar gadar ƙarfe da aka fara kafawa a Zungeru a 1904. An kwance ta aka kawo ta Kaduna a 1954, sannan a 1956 aka sanya ta cikin jerin kayan tarihi na ƙasa. Ke nan gadar ta girmi birnin da take cikinsa.

Lambun ya yi suna da manyan itatuwa, da wurin wasan yara, da wurin ninkaya, da ɗan gidan namun daji da aka daɗe ana ajiye kadoji a ciki. Ga yara da dama na Kaduna, a nan ne suka fara ganin dabbar da aka raɗa wa garinsu sunanta ido da ido.

Gyara da lalacewa sun sha yin karɓa-karɓa a wurin, gwargwadon kulawar gwamnatin da ke ci. Amma a ranakun Sallah da na Kirsimeti da sabuwar shekara, iyalai kan cika shi da tabarmi da kulolin abinci, masu hoto na zagayawa, 'yan mata da samari sun ci ado.

Rairayin rani

Kogin Kaduna fuska biyu gare shi. Da damina ruwan ja ne, mai ƙarfi, yana ɗauke da itatuwa da tarkace. Da zarar kaka ta wuce sai ya fara janyewa, duwatsu su fito, tudun yashi ya bayyana a tsakiya da gefe.

Wannan yashi shi ne rairayin bakin tekun talakan Kaduna. Daga Rafin Guza da Malali zuwa Unguwar Rimi da Kabala, da yamma za a ga samari na buga ƙwallo a kai, yara na wasa a inda ruwa bai kai gwiwa ba.

Sai dai gaɓar wurin neman abinci ce kafin ta zama wurin wasa. Masu wanki na shanya tufafi a kan duwatsu. Masu ɗibar yashi na nutso suna cika kwale-kwale, tifofi na jira a tudu. Manoman lambu na jan ruwa da inji zuwa fangalin alayyafo da latas da kabeji da tumatir, waɗanda da asuba za a kai kasuwa. Masunta kuma na jefa birgi ko su dasa ƙugiyoyi da daddare.

A wasu mashigai har yanzu ana fito da kwale-kwale, domin ya fi sauƙi ga mai zuwa gona ko kasuwa da ya zagaya ta kan gada. Baƙon da ke son ganin birnin daga tsakiyar ruwa zai iya yin ciniki da mai fito, amma yana da kyau ya yi hakan da rani, da rana tsaka, kuma a jirgin da ba a yi wa lodi fiye da kima ba.

Gidajen tarihi

Wanda ya bar bakin kogi ya nufi arewa ta kan titin Independence, zai ci karo da Majalisar Lugard mai ƙubba, inda majalisar wakilai da ta sarakunan Jihar Arewa suka zauna. A yanzu majalisar dokokin jihar Kaduna ce ke harabar.

A kan titin Rabah kuma akwai Gidan Arewa. Nan ne gidan Firimiya Sir Ahmadu Bello, inda aka kashe shi a juyin mulkin 15 ga Janairun 1966. A 1970 aka mayar da wurin cibiyar bincike da adana tarihi, bisa jagorancin Farfesa Abdullahi Smith, kuma yana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Akwai ɗakin karatu, da rubuce-rubucen Larabci da ajami, da hotuna da kayan da Sardauna ya yi amfani da su.

Gidan adana kayan tarihi na ƙasa yana kan titin Ali Akilu, a ginin da ya taɓa zama hedkwatar jam'iyyar NPC, kuma an buɗe shi a 1975. A ciki akwai gumakan yumɓu na Nok, waɗanda shekarunsu suka haura 2,000, kuma aka fara tono irinsu a kudancin jihar a 1928. A harabar akwai rumfunan masu sana'ar hannu, inda ake sayen kayan fata da na saƙa da na sassaƙa domin tsaraba.

Ba nisa daga nan, a Unguwar Sarki, akwai Masallacin Sultan Bello da aka gina a farkon shekarun 1960. A nan ne Sheikh Abubakar Mahmud Gumi ya shafe shekaru yana tafsirin azumi da Rediyon Kaduna ke watsawa, har zuwa rasuwarsa a 1992.

Dawaki da filaye

Kaduna ba ta da sarki irin na Kano ko Katsina, saboda haka mai son kallon hawan Sallah sai ya tafi Zariya, mai nisan kimanin kilomita 80. Duk da haka birnin ya ga manyan hawan daba a tarihinsa.

An yi wa Sarauniyar Ingila Elizabeth ta biyu hawan daba a Kaduna a 1956. An sake yin wani gagarumi a 1977, lokacin bikin al'adun baƙar fata na FESTAC, inda mahaya daga masarautun Arewa suka taru. Domin baƙin wannan biki ne aka gina otal ɗin Durbar, wanda aka rushe a 2020 bayan ya daɗe a kulle.

Filin da aka yi waɗannan bukukuwa shi ne Dandalin Murtala na yau. An yi masa kwaskwarima aka sake buɗe shi a 2022. Da sassafe da kuma yamma yakan cika da masu motsa jiki, maza da mata, daga unguwanni dabam-dabam.

A nan kusa ne kuma kulob ɗin ƙwallon dawaki na Kaduna yake, wanda aka kafa a 1918. Gasarsa ta shekara-shekara, wadda ake fafatawa a kan kofin Georgian, tana jawo ƙungiyoyi daga Katsina da Kano da Legas da sauran wurare. Shi kansa Janar Hassan Katsina gwanin wannan wasa ne, kamar mahaifinsa Sarki Usman Nagogo.

Masu sha'awar ƙwallon ƙafa kuwa sun san filin wasa na Ahmadu Bello, wanda ya karɓi wasu wasannin gasar matasa ta duniya a 1999 da ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009.

Katabu, ƙofar arewa

Matafiyin da ya taso daga Kano ko Zariya, bayan ya wuce Jaji mai kwalejin horar da hafsoshin soja, zai iso Katabu kafin ya kai Rigachikun da Kawo. A nan ne hanyar da ta nufi Pambeguwa da Saminaka da Jos ta rabu da babban titin Kaduna zuwa Kano, abin da ya sa aka fi kiran wurin Mararrabar Jos. Yana cikin ƙaramar hukumar Igabi.

Mararraba zangon direbobin manyan motoci ce. Tireloli da tankoki kan yi jerin gwano a gefen titi, kuma inda direba ya yada zango, nan mai abinci ke kafa tukunya. Dare da rana ana samun tuwo da shinkafa da wake, da shayi da ƙwai, da balangu mai zafi. Idan lokacinsu ya yi kuma ga rake da gasasshiyar masara da ɗanyar gyaɗa daga ƙauyukan kewaye.

Direbobi na da wata ƙa'ida da baƙo zai amfana da ita: rumfar da ta fi cika da mutane ita ake shiga, domin abincinta ba ya kwana.

'Yar tafiya kaɗan a kan hanyar Jos akwai madatsar ruwa ta Kangimi, wadda aka gina a shekarun 1970 domin ƙara wa kogin Kaduna ruwa da rani. Tafkin da ta tara shi ne ruwa mafi faɗi a kusa da birnin, kuma masunta sun kafa sansani a gefensa.

A wannan yanki ne aka kafa kulob ɗin ƙwallon dawaki na Fifth Chukker a 2001. Yana da filayen wasa da bargar dawaki da masaukin baƙi, ya kuma yi suna da gasar da ake shiryawa domin tara kuɗi ga asusun kula da yara na UNICEF, wadda 'yan wasa daga ƙasashe irin su Ajantina ke halarta. Wuri ne dai na masu hannu da shuni.

Tsakanin Katabu da Kawo kuma akwai filin baje kolin duniya na Kaduna, wanda aka soma gudanarwa tun 1979. A kwanakin bajen, rumfunan abinci da wasannin yara kan ja jama'a kusan kamar yadda kayan kamfanoni ke yi.

Karin kumallo da abincin rana

Kaduna gari ne na baƙi. Soja da ma'aikacin jirgin ƙasa da ma'aikacin gwamnati da na masaƙa, kowa ya zo da tukunyar garinsu. Abin da ya bambanta abincin Kaduna da na tsofaffin biranen Hausa ke nan: a titi guda ana iya samun tuwon shinkafa da amala da sakwara da faten acca.

Da safe, a unguwanni irin su Kawo da Unguwar Dosa da Unguwar Shanu da Tudun Wada, ana fara jin ƙamshin ƙosai tun bayan sallar asuba. Ana haɗa shi da koko ko kunun tsamiya. Mai waina na zaune gaban tanda tana juyawa, a ci da miyar taushe, ko da ƙuli-ƙuli, ko da zuma.

Teburin mai shayi kuwa majalisa ce. A nan ake sauraron labaran safe a rediyo, a yi musu kan siyasa da ƙwallo, ana jiran a soya ƙwai ko a dafa indomi.

Da rana gidajen tuwo ne ke ci. Akwai tuwon shinkafa da na masara, da miyar kuka ko kuɓewa ko taushe, a zuba man shanu. Akwai ɗanwake da mai da yaji, da dambun shinkafa mai zogale, da fate, wanda ƙasar Zazzau ta yi fice a kai. Mutanen kudancin jihar sun kawo acca, wadda masu ciwon sukari ke nema, da kuma citta, wadda yankin Kachia da Kafanchan ke kan gaba wajen nomanta a Najeriya.

Idan rana ta take, sai a nemi Fulani masu tallar fura da nono a gindin itace, ko shagunan da ke dama fura da kindirmo mai sanyi. Zoɓo da kunun aya da kunun zaƙi kuwa kusan a kowace kusurwa ana samunsu.

Manyan gidajen abinci na zamani sun fi yawa a tsohuwar unguwar Turawa da kewayenta, musamman a kan titunan Ahmadu Bello, da Ali Akilu, da Isa Kaita, da Alƙali, da kuma tsohon titin Waff da aka sauya wa suna zuwa Muhammadu Buhari. A nan ake samun abincin Lebanon da na Sin da na Turawa, da shawarma da gasasshiyar kaza, a farashin da ya ninka na cikin unguwa.

Bayan magariba

Da faɗuwar rana sai hayaƙin tukuba ya tashi. Tsire shi ne yankakken nama da aka soke a tsinke, aka shafe da ƙuli-ƙuli da yaji, aka jera kewaye da wuta. Balangu kuwa gashi ne a kan waya, na rago ko na sa, ana yayyafa masa mai da albasa. Akwai kuma kilishi, wanda ake shanyawa a rana kafin a tsoma shi cikin haɗin tunkuza a gasa, kuma shi ne tsarabar da matafiya suka fi saye saboda ba ya saurin lalacewa.

Abin da ya fi kusa da abincin garuruwan bakin teku shi ne gasasshen kifi. Ana gasa tarwaɗa ko karfasa ɗungurungum, a cika ta da attaruhu da albasa, a kawo da soyayyen dankali ko doya. Wasu kuma sun fi son farfesunta. A wurare da dama mai saye ne ke nuna kifin da yake so tun yana da rai a cikin baho.

Ya kamata a sani cewa ba dukkan kifin da ake ci a Kaduna ne daga kogin yake fitowa ba. Kaso mai yawa na tarwaɗar daga gonakin kiwon kifi take, wani kuma daga madatsun ruwa ake kawo shi, ban da kifin teku na kwali da ke zuwa a daskare daga Legas.

Kasuwannin mami da ke gefen barikokin soja sun daɗe da yin suna wajen gashin kifi, kuma suna cikin wuraren da ake ganin kowace ƙabila a kan benci ɗaya. A unguwannin da Musulmi suka fi yawa ba a sayar da barasa a fili. A watan azumi kuma yawancin masu abinci a waɗannan unguwanni ba sa buɗewa sai dab da shan ruwa, sannan a yi ta hada-hada har tsakar dare.

Kasuwanni

Babbar kasuwar birnin, wadda aka sanya wa sunan Sheikh Abubakar Gumi, tana kan titin Ahmadu Bello. A nan ake samun atamfa da shadda da turare da kayan yaji. Kasuwar Bakin Dogo ta kayan gwari da hatsi ce, Kasuwar Barci da ke Tudun Wada kuma ta shahara da gwanjo da teloli. Kawo na da kasuwar da ke cika ranar Talata, inda mutanen ƙauyukan Igabi ke kawo amfanin gona da kaji.

A waɗannan kasuwanni Bahaushe mai tumatir da Bayarabiya mai garin rogo da Ibo mai kayan gyara da Bajju mai doya duk abokan cinikin juna ne, kuma da Hausa ake ciniki.

Kogin da ya zama iyaka

Kafin 2000, unguwanni da dama na Kaduna a cakuɗe suke. A watan Fabrairun shekarar ne rikici ya ɓarke kan shirin aiwatar da shari'ar Musulunci a jihar, aka sake yin wani a watan Mayu. Mutane fiye da 1,000 ne suka rasa rayukansu. A watan Nuwamban 2002 kuma wani rikicin da ya biyo bayan taƙaddama kan gasar sarauniyar kyau ta duniya ya ci rayuka fiye da 200. An sake zubar da jini bayan zaɓen 2011.

Bayan kowane rikici sai jama'a su yi ƙaura. Kiristoci da dama sun sayar da gidajensu a arewa sun koma Sabon Tasha da Television da Narayi da Romi. Musulmi da dama kuma sun baro kudu sun koma Tudun Wada da Rigasa da Kawo. Rabuwar ba ta zama ɗari bisa ɗari ba, domin akwai unguwanni irin su Barnawa da Kakuri da Malali da har yanzu ake zaune tare, amma ta isa ta sauya taswirar birnin.

Illar hakan ita ce an samu matasan da suka tashi ba su taɓa yin maƙwabtaka ko zaman aji ɗaya da wanda ba addininsu guda ba. Masu aikin sasanci, irin su Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda suka kafa cibiyar sulhu tsakanin addinai a shekarun 1990 bayan sun taɓa zama abokan gaba, sun daɗe suna jan hankali kan haɗarin da ke tattare da wannan nisa. A watan Agustan 2002 shugabannin addinan biyu sun sanya hannu kan wata yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna.

A nan ne muhimmancin wuraren shaƙatawa yake fitowa. Ma'aikacin da ke kwana a kudu yana aiki a arewa, da rana a gidan tuwo ɗaya yake cin abinci da abokin aikinsa. Iyalin da suka tsallako gada domin kai yara lilo a Ƙofar Gamji, a layi ɗaya suke tsayawa da waɗanda suka fito daga Unguwar Sanusi. Sababbin gadoji, kamar ta titin Patrick Yakowa da wadda ta haɗa Kabala da Barnawa, sun rage cunkoson tsohuwar gadar da ke kusa da filin wasa, sun kuma ƙara yawan masu tsallakawa.

Ambaliya da ƙazanta

Kogin na da nasa haɗarin. A watan Satumban 2003 ya yi wata gagarumar ambaliya da ta raba dubban mutane da gidajensu, kuma ya sake tumbatsa a 2012 da wasu shekarun bayanta. Unguwannin da ke kwari, irin su titin Kigo da sassan Unguwar Rimi da Kabala da Rafin Guza, su ne suka fi shan wahala. Gine-gine a kan hanyar ruwa da toshe magudanai da shara na cikin abubuwan da ke ƙara ta'azzara lamarin.

Haka kuma magudanan birnin da dama cikin kogin suke ƙarewa, ɗauke da leda da dagwalon gidaje da na masana'antu, alhali daga wannan kogi ne matatar ruwa ta Malali ke ɗibar ruwan da ake tacewa domin sha.

Likitoci na gargaɗi kan wanka a ruwan da ba ya gudu sosai, saboda cutar tsargiya, wadda ƙwayoyinta ke rayuwa a jikin wasu ƙananan dodon koɗi, su shiga ta fatar mutum, daga baya a ga jini a fitsari. Ramukan da masu ɗibar yashi suka bari a ƙarƙashin ruwa kuma kan ruɗi mai wanka, ya taka ya ji babu ƙasa.

Birnin Paris na Faransa, wanda shi ma ba shi da teku, ya soma mayar da gaɓar kogin Seine wurin shaƙatawar jama'a a kowace bazara tun 2002. Argungu kuma ta mayar da kogin Matan Fada dandalin bikin kamun kifin da duniya ta sani. Kaduna na da kogi a tsakiyarta, amma in ban da Ƙofar Gamji da 'yan wurare ƙalilan, yawancin gine-ginen birnin baya suka ba shi.

Lokacin zuwa da hanya

Lokacin da ya fi dacewa da ziyara shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin hunturu, sa'ad da ruwa ya janye kuma zafi ya yi sauƙi, ko da yake akwai hazo da ƙura. Maris da Afrilu watannin zafi ne. Daga Mayu zuwa Oktoba damina ce, gari ya yi kore shar, amma a Agusta da Satumba ake guje wa bakin kogi.

Ana shiga Kaduna ta jirgin sama, ko ta mota, ko ta jirgin ƙasan Abuja mai tafiyar kilomita 186, wanda aka ƙaddamar a 2016 kuma yake tsayawa a Rigasa. 'Yan bindiga sun kai wa wannan jirgi hari a ranar 28 ga Maris ɗin 2022, suka kashe wasu fasinjoji suka sace wasu da dama, abin da ya sa aka dakatar da shi har zuwa watan Disamban shekarar.

Wannan hari, da irinsa da aka kai a ginin shaƙatawa na Kajuru a 2019, sun yi wa harkar yawon buɗe ido a jihar mummunar illa. Saboda haka masu masauki kan shawarci baƙo da ya yi tafiyar bayan gari da rana, ya kuma tambayi 'yan gari halin da hanya take ciki kafin ya kama ta, ko Kangimi zai je ko Kajuru.

A cikin gari kuwa Keke Napep da ƙananan motocin haya ne abin hawa. Daga Kawo zuwa Ƙofar Gamji ba ta kai tafiyar sa'a guda ba, daga nan kuma gada ce kawai tsakanin mutum da ɗaya ɓangaren birnin.